Ina son in ƙaro karatun ƙididdiga, darakta ya riƙe takardata, maigida kuma ya ce in haƙura

Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar gwamnati ce a nan Kaduna. Shekarata 34, ina da aure da 'ya'ya uku, autar ba ta cika shekara biyu ba. Tattalin arziki na karanta, na fita da 2:2, kuma yau shekara takwas ina sashen tsare-tsare, bincike da ƙididdiga na wata ma'aikata. Ni ce mai haɗa rahoton wata da na kowane wata uku. Kwanan baya a wani taro na gabatar da alƙaluman riga-kafi, sai ga wata ƙaramar hukuma da sama da kashi ɗari cikin ɗari. Wani baƙo daga ƙungiyoyin tallafi ya tambaye ni yadda aka yi wa yara fiye da waɗanda ake da su allura. Na rasa amsa, aka yi dariya, kuma har yau abin yana cina. Na ƙudurta yin digiri na biyu a ƙididdiga a Zariya. Darakta ya ce ba shi da wanda zai maye gurbina, ya bar takardata a durowa. Maigida ya ce hanya, da yara, da kuɗi, in haƙura. Ƙawata ta ce in yi mastas na gudanar da mulki, ya fi sauƙi kuma satifiket ɗaya ne. Gaskiya ni ma ina tsoron lissafi, rabona da shi tun aji biyu a jami'a. Don Allah a ba ni shawara. Daga 'yar'uwarku a Kaduna.

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya raya zuri'a, Ya yi jagora.

Bari mu fara da abin da ke cin ki, don na lura shi ne ya tayar da duk maganar. Wannan lambar da ta kunyata ki ba ke kika ƙirƙire ta ba, kuma duk wanda ya daɗe yana aiki da alƙaluman lafiya a ƙasar nan ya sha ganin irinta. Kason riga-kafi rabawa ce: yaran da aka yi wa allura a sama, yaran da ake sa ran akwai su a ƙasa. Lambar sama daga rijistar asibitoci take zuwa, ta bi ta takardar taƙaitawa ta wata, ta shiga DHIS2, manhajar da ake tara alƙaluman lafiya a cikinta. Lambar ƙasa kuwa hasashe ce da aka ɗora a kan ƙidayar 2006, wadda ita ce ta ƙarshe da aka yi. Ana ƙara wa jimillar wani kaso duk shekara, sannan a ware kashi 4 cikin ɗari a ce su ne 'yan ƙasa da shekara ɗaya. To ki dubi Rigasa a Igabi, ki dubi unguwannin da suka tashi a Chikun tun daga wancan lokaci, ki ƙara da mutanen da rashin tsaro ya koro daga ƙauyuka suka tare a gefen gari. Hasashen bai san da su ba. Ga kuma uwar da ke zaune a wata ƙaramar hukuma amma ta fi ganewa da asibitin da ke maƙwabciyarta: allurar ta hau lissafin can, ɗan kuma yana lissafin nan. Idan aka haɗa da yaron da aka rubuta sau biyu, ranar asibiti da ranar fita unguwa, ai sai lamba ta haura ɗari ba tare da kowa ya yi ƙarya ba. Da kin faɗi wannan a taron, da baƙon ne zai ɗauki biro. Abin da ya kuɓuce miki shi ne sanin inda kowace lamba ta fito da irin raunin da take ɗauke da shi, kuma wannan abu ne da ake koyo. Saboda haka niyyarki tana kan hanya. Abin da nake so mu gyara shi ne ƙofar da za ki shiga, da yadda za ki tafi da mutum biyun da suka tsaya miki.

Ban ba ki shawarar ki faɗa mastas na ƙididdiga kai tsaye ba. Darussan zangon farko a irin wannan digiri sun ginu a kan lissafin yiwuwa, da ka'idar yanke hukunci daga samfur, da aljabara ta jadawalin lambobi, kuma malami ba zai tsaya ya tuna miki da kalkulas ba, don ya ɗauka kin zo da shi. Masu digirin tattalin arziki da suka shekara goma ba su taɓa wannan ba, a nan suke tuntuɓe, su kwashi darussan maimaici, shekara biyu ta koma huɗu. Galibin jami'o'inmu ma sukan tura wanda bai yi digirin farko a ƙididdiga ko lissafi ba ya fara da PGD, wato diflomar gaba da digiri, wadda akan gama a shekarar karatu ɗaya. Kada ki ɗauke ta a matsayin ci baya. Ita ce za ta nuna miki ko kina son fannin da gaske, da kuɗi kaɗan da lokaci kaɗan, kuma sakamako mai kyau a cikinta shi ne zai rufe maganar 2:2. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen ƙididdiga a Samaru. Ki je da ƙafarki, ki kuma leƙa makarantar gaba da digiri ta Jami'ar Jihar Kaduna da ke nan cikin gari, ki tambayi abin da suke bayarwa a wannan shekarar da ranakun da ake shiga aji. Kada ki dogara da tallan da ke yawo a WhatsApp. Akwai Makarantar Ƙididdiga ta Tarayya a Manchok, amma matakin difloma take koyarwa, ta fi dacewa da ƙananan ma'aikatan sashenku, ki riƙe wannan don za mu dawo kansa.

Kafin ki sayi fom, ki gwada kanki na wata uku. Awa ɗaya bayan sallar asuba, kafin gida ya tashi, kwana biyar a mako. Wata na farko aljabara da kalkulas na farko, akwai su kyauta a shafin intanet na Khan Academy. Wata na biyu lissafin yiwuwa. Wata na uku ki sauke manhajar ƙididdiga mai suna R a kwamfutarki, kyauta ce, ki sake haɗa rahoton watan jiya da ita maimakon Excel. Idan kin kai ƙarshen wata ukun kina jin wuya amma kina son ki ga ƙarshen kowace tambaya, to tsoron naki tsatsa ce kawai. Idan kuwa kullum da ƙyar kike buɗe littafin, ba abin kunya ba ne, sai mu karkata zuwa mastas na lafiyar al'umma mai ƙarfi a fannin bin diddigin cututtuka, inda lissafin ya fi sauƙi kuma aikinki zai amfana.

In kin je sashen, ki nemi jerin darussa ki karanta da idon mai aikin gwamnati. Akwai digirin ƙididdiga da za ki gama kin iya tabbatar da ka'idoji a allo, amma ba ki taɓa tsara binciken gida-gida ba. Ke abin da kike nema shi ne dabarun ɗibar samfur, da tsara takardar tambayoyi, da lissafin yawan jama'a, da nazarin alƙaluman da ke tafiya wata bayan wata, da aiki da manhaja irin su R ko Stata a kan bayanai na gaske masu datti. Ki tambayi wane malami ne ya taɓa aikin bincike a fili, da ɗalibai nawa ke hannunsa, sannan ki tare ɗaliban da ke shekara ta biyu a bakin aji ki tambaye su wata nawa babi ke kwana a teburin mai duba aiki. Su za su gaya miki abin da ofishin shugaban sashe ba zai faɗa ba.

Bari in nuna miki irin abin da nake nufi, don ki ga girman lissafin da idonki. A ce an umarce ki ki gano kason yaran da suka kammala riga-kafi, da kuskuren da bai wuce maki 5 sama ko ƙasa ba. Sanannen lissafin da ake yi don gano yawan waɗanda za a bincika zai ba ki yara 384, kuma mutane da yawa a nan suke tsayawa. Amma wannan lambar ta ɗauka za ki zaɓo kowane yaro shi kaɗai daga ko'ina a jihar, abin da ba mai iya biyan kuɗin motarsa. A aikace unguwanni ake zaɓa, a ɗauki yara kamar 20 a kowace. Yaran unguwa ɗaya kuwa sun yi kama da juna: asibiti ɗaya, mai unguwa ɗaya, jita-jita ɗaya. Ko da kamannin nan kaɗan ne, a ce 0.05, sai ki ninka shi da 19, wato yara 20 ɗin nan ban da ɗaya, ki ƙara 1, ki sami 1.95, wato kusan ninki biyu. Idan aka ɗauke shi ninki biyu cif, 384 ta zama 768. Idan gida ɗaya cikin goma za a tarar da shi a kulle ko a ƙi amsawa, sai ki raba da 0.9, ki tashi da kimanin 853. Wannan na jiha ne dunƙule. Ranar da kwamishina ya ce yana son lambar kowace ƙaramar hukuma daban, sai ki ninka sau 23, yawan ƙananan hukumomin jihar, ki doshi 20,000. Shi ya sa manyan binciken ƙasa, irin MICS na 2021 da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF, suke tsayawa a matakin jiha, kuma wanda ya tsaga su ya fitar da lambar Kauru ko Kubau ya ɗora musu kayan da ba za su iya ɗauka ba. Kin ga babu abin da ya wuce ninkawa da rabawa a nan. Wuyar tana wajen sanin dalilin kowane mataki.

Ga wani ƙarami da nake kyautata zaton yana cikin rahotanninku yanzu haka. Asibiti ɗaya ya yi wa yara 900 cikin 1,000, kashi 90. Wani ya yi wa 50 cikin 100, kashi 50. Mai gaggawa zai haɗa 90 da 50 ya raba biyu ya rubuta 70. Gaskiyar ita ce 950 cikin 1,100, kashi 86 da ɗoriya. Haka nan gurbin da aka bari fayau daban yake da wanda aka rubuta sifiri: na farko ba a kawo rahoto ba, na biyu an kawo kuma ba a yi ko ɗaya ba. Idan kika ga allurar Penta, wadda ake yi wa jariri sau uku bi da bi, ta ukunta ta fi ta farko yawa a asibiti ɗaya wata da watanni, ki ɗaga waya kafin ki ɗaga rahoto. Kuma kada ki ɗauka mu kaɗai Excel ke yi wa tsiya: a watan Oktoban 2020 hukumar lafiya a Ingila ta zubar da sakamakon masu korona kusan 16,000 saboda tsohon nau'in fayil ɗin da aka yi amfani da shi ba ya ɗaukar layi fiye da 65,536.

Maganar ƙawarki tana da ƙanshin gaskiya ta gefe ɗaya. Ƙarin girma a aikin gwamnati ya fi rataya a kan shekarun da aka yi a mataki, da jarrabawa, da samuwar gurbi, don haka babu ɗaya daga cikin digirin biyu da zai ɗaga ki washegari. Idan kujerar darakta kaɗai kike hange, shawararta ba ta da laifi. Amma ba wannan kika rubuto a kai ba. Kin rubuto ne don an yi miki tambaya kin rasa amsa, kuma mastas na gudanar da mulki ba zai ba ki wannan amsar ba. Abin da ya kamata ki bincika a sashen kula da ma'aikata shi ne ko sabuwar takardar za ta ba ki damar sauya layi zuwa na jami'an ƙididdiga, da ko sauyin zai taɓa matakinki ko shekarunki na gaba da wasu. Ki nemi a nuna miki a rubuce cikin tsarin aiki.

Yanzu darakta. Kada ki mai da shi abokin gaba, don damuwarsa ta gaske ce: ranar da aka nemi rahoto daga sama, shi za a kira, kuma shekara takwas sashen ya jingina a kanki. Sai dai wannan ita ce hujjar da za ki juya. Sashen da mutum ɗaya ke riƙe da shi yana cikin haɗari ko ba karatu, don haihuwa ko rashin lafiya ko canjin wurin aiki na iya ɗauke ki gobe. Ki shiga wurinsa da takarda shafi ɗaya, ba da ƙorafi ba. Ki ce: ranka ya daɗe, ga matakan haɗa rahoton wata na rubuta su ɗaya bayan ɗaya, ga wane da wance da nake so in koya wa cikin wata uku, wata na farko su kalla, na biyu mu yi tare, na uku su yi in duba. A nan ne za ki kawo masa zancen Manchok ga ƙaramin ma'aikacin da ya nuna hazaƙa. Sannan ki sauƙaƙa masa buƙatar: maimakon hutun ƙaro ilimi na cikakken lokaci, ki nemi izinin karatu kina bakin aiki, da ranakun da za a sake ki, idan tsarin kwas ɗin ya ba da haka. Ki kuma miƙa masa abin da zai ci: binciken kammala karatunki zai kasance a kan matsalar lambar ƙasa, wato hasashen yawan yara, a ƙananan hukumomin jihar, abin da shi ma yake shan tambaya a kansa.

Duk yadda kuka yi da shi, kada ki fara karatu da izinin baki. Izini ya bi ta fayil, daga darakta zuwa babban sakatare zuwa ofishin shugaban ma'aikata, ki riƙe kwafi mai hatimin karɓa a kowane mataki. Daraktoci suna canjawa, kuma wanda ya zo bai san alƙawarin wanda ya tafi ba. Mutane sun sha gama digiri a ɓoye a ƙi shigar musu da shi fayil, wasu ma a tuhume su da barin aiki ba izini. Idan hutu da albashi aka ba ki, za a sa ki sa hannu a takardar alƙawarin dawowa ki yi aiki na wasu shekaru, ki karanta ta da kyau kafin ki sa hannu. Idan takardar ta ƙara kwana a durowa bayan kin kawo tsarin miƙa aiki, ki rubuta tunatarwa cikin ladabi bayan mako biyu ko uku. Tsallake shi zuwa sama shi ne makami na ƙarshe, kuma ko shi sai kin sanar da shi tukuna.

Maigida kuma abu uku ya ambata, kuma ko ɗaya ba raini ba ne. Kaduna zuwa Zariya wajen kilomita 80 ne, kuma mai tashi daga Kawo da sassafe ya dawo bayan magariba sau uku a mako, da goyo a gida, zai gaji kafin zango ya ƙare. Namiji in ya ce a haƙura, sau da yawa abin da yake nufi shi ne bai ga yadda abin zai yiwu ba. To ki nuna masa. Ki zauna da shi bayan yara sun yi barci, da takarda: kuɗin fom, kuɗin makaranta kamar yadda kika ji daga bakin sashen, kuɗin mota sau adadin ranakun aji, data, buga takardu, da kuɗin binciken ƙarshe wanda kowa ke mantawa da shi. Ki ƙara kashi ɗaya cikin huɗu a kai saboda tashin farashi. Ki nuna daga ina za su fito, adashi ne ko ƙungiyar taimakon juna ta ofis, ki kuma leƙa hukumar bayar da tallafin karatu ta jiha ki ji ko akwai abin da ya shafe ki. Ki faɗi wanda zai ɗauko yara daga makaranta da Islamiyya a ranakun, da inda za ki kwana a Zariya idan lacca ta kai yamma, don ku yi yarjejeniya tun yanzu cewa ba tafiyar dare. Ki kuma gaya masa gaskiya cewa lokacin na iya miƙewa, don yajin aikin malaman jami'a na 2022 wata takwas ya ɗauka. Gara ya ji daga bakinki yau da ya gano da kansa a shekara ta uku. Idan ya ce a jira auta ta shiga makaranta, wannan ba ƙi ba ne, ki karɓa, ku sa wata da shekara. Wata ukun gwaji da wata ukun miƙa aiki da jiran izini za su cinye mafi yawan lokacin dama. Idan kuwa ya toshe ƙofa gaba ɗaya, ki nemi babban da yake jin nauyinsa, yayansa ko kawunsa, wanda ya san darajar aikin, ba wanda zai je ya yi masa faɗa ba.

Karatun waje ban hana ki hangensa ba. Tallafin Chevening na Birtaniya yana biyan mastas na shekara ɗaya, yana neman shekara biyu na gogewar aiki, da sharaɗin a dawo gida a yi aƙalla shekara biyu, kuma mai shekara takwas a kan alƙaluman gwamnati tana da labarin da za ta rubuta. Amma da 'yar shekara biyu a hannu, ni zan ajiye shi sai bayan PGD.

Abu ɗaya game da binciken kammalawa, tun da na ce ki yi shi a kan bayanan ofis. Kasancewar fayil a kwamfutarki bai mai da shi naki ba. Ki nemi izini a rubuce, ki cire suna da lambar waya da adireshi kafin komai ya bar ofis, don Dokar Ƙididdiga ta 2007 ta tsare sirrin masu ba da bayani, ga kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023. Idan izinin ya yi nauyi, bayanan MICS ana samunsu kyauta a shafin UNICEF bayan rajista, kuma za su ba ki damar kwatanta lambar da bincike ya samo a jihar da wadda asibitoci suka kawo. Da su za ki koyi aiki da nauyin samfur, wato lambar da ke nuna gida nawa kowane gidan da aka ziyarta yake wakilta. Wanda ya manta ya sa nauyin nan, duk kason da ya fitar karkatacce ne, komai kyan jadawalinsa.

A wannan makon ki rubuta wa tsohuwar jami'arki neman takardar sakamakon jarrabawarki, don ita ce ta fi komai jan ƙafa kuma takan sa mutum ya rasa shekara guda. Ki nemo takardar kammala bautar ƙasa da ta tabbatar da ke a aiki ki yi musu kwafi. Sannan ki buɗe rahoton nan da ya kunyata ki, ki jera allurar wannan ƙaramar hukumar asibiti bayan asibiti na wata goma sha biyu, ki ga ko asibiti biyu ko uku ne suka kumbura lambar, da ko suna bakin iyaka da wata ƙaramar hukuma. Abin da kika gano ki rubuta shi a rabin shafi, ki haɗa da takardar da za ki kai wa darakta.